"BARK": SUNAN JIRGI DA YA TASO DAGA KOGIN NILU

Wata rana muna zagayen duba ɗalibanmu na kwalejin horon malamai, waɗanda aka rarraba makarantu domin su gwada hannunsu ga koyarwa, sai muka shiga wani aji muka sami wuri a baya muka zauna. Ɗalibin da ke gaban allo saurayi ne mai ƙwazo, rubutunsa tsaf, muryarsa kuwa tana kai har ƙarshen ɗaki. Yana karanta wa yara labarin waɗansu matafiya da Turanci, yana fassara musu da Hausa, har ya iso inda aka ce mutum 40 sun shiga "bark" sun ƙetare teku. Nan ya ɗan yi jim. Ma'ana biyu ya sani ga wannan kalma, haushin kare da ɓawon itace. Da ya ke ba a hawan haushin kare, sai ya gaya wa yara wai bisa ɓawon itace mutanen nan suka ƙetare. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ƙaƙa ɓawo zai ɗauki mutum 40?" Ya amsa masa da cewa itatuwan waɗancan ƙasashe manya ne ƙwarai. Yara suka sunkuya suka rubuta.

Da aka tashi muka ja shi gefe, muka gaya masa akwai ma'ana ta uku, watau jirgin ruwa mai tafiya da iska. Ya karɓi gyara da ladabi, sa'an nan ya ce, "To, ranka ya daɗe, me ya haɗa jirgi da ɓawo har suka yi tarayya cikin suna?" Muka buɗe baki za mu amsa, sai muka iske babu abin faɗa. Mu da muka zo gyara, ashe saninmu bai wuce nasa da taki ɗaya ba. Wannan tambaya ita ce ta sa muka koma ga littattafai, abin da muka samo kuwa shi ne muka ga ya kamata mu shimfiɗa a nan domin malaman makaranta da akawuna, tun da su ne kullum su ke tsakanin harsuna biyu.

KALMA UKU, RUBUTU ƊAYA

Amsar tambayar ɗalibinmu ita ce, babu abin da ya haɗa su. Kalmomi uku ne daban daban, kowace da gidan ubanta, suka zo suka yi kiciɓis cikin Turanci. Wadda ke nufin haushin kare 'yar gida ce, tana cikin harshen Ingilishi tun zamaninsa na fari. Wadda ke nufin ɓawon itace baƙuwa ce, mutanen arewacin Turai ne suka kawo ta, watau kakannin mutanen Nowe da Danmak, waɗanda suka yi ta kai wa Ingila hari, daga baya suka zauna cikinta. Ta uku, mai nufin jirgi, ta fi su duka nisan tafiya. Ta shigo Turanci cikin ƙarni na 15 daga Faransanci, inda a ke rubuta ta "barque". Har yanzu mutanen Ingila sun fi son wannan rubutu na Faransa, mutanen Amurka kuwa su kan rubuta "bark". Faɗarsu dai ɗaya ce.

Mai yiwuwa wani ya ce, ai mun ji mutanen asali na Amurka ta Arewa suna yin kwalekwale da ɓawon itace, ko daga nan sunan ya fito? Gaskiya ne suna yi, amma kalmar ta riga sanin Turawa ga wannan ƙasa da shekara fiye da 1,000. Wanda ya ke son ganin mafarinta sai ya nufi Masar.

JIRGIN BAGARUWA

Wajen shekara 450 kafin haihuwar Annabi Isa, wani Bayunane mai suna Herodotus, wanda Turawa ke kira uban masu rubuta tarihi, ya ziyarci Masar. Mutum ne mai yawan tambaya, ba ya wuce abu bai tsaya ya duba ba. Cikin littafinsa na tarihi ya bayyana wani irin jirgin kaya da ya gani a Kogin Nilu, ya ce sunansa "baris". Wannan suna kuwa na Misirawa ne. Ana samunsa cikin rubutunsu na dā tun ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Herodotus, ya kuma wanzu cikin harshen Kibɗawa. Yunanawa ƙarshensa kaɗai suka gyara domin ya zauna a bakinsu.

Yadda ya sifanta jirgin abin sha'awa ne. Da itacen bagaruwa a ke yinsa, irin wadda majema ke amfani da 'ya'yanta a ƙasarmu. Kowa ya san bagaruwa ba ta ba da dogon katako miƙaƙƙe, saboda haka masassaƙan Masar su kan yanka ta gajere gajere, kamu 2 kamu 2, su jera kamar yadda magini ke jera tubali, su ɗinke da dogayen turaku. Su kan toshe kafofi daga ciki da wata ciyawar fadama wadda Larabawa ke kira bardi, ita ce kuma su ke yin takarda da ita. Filafilin jirgin, watau babban ƙyallen nan da iska ke bugawa ta tura jirgi, shi ma da bardi a ke saƙa shi. Abin tuƙi ɗaya ne, yana ratsa gindin jirgin ta wani rami.

A Masar ruwan Nilu arewa ya ke gangarawa, iska kuwa galibi daga arewa ta ke busowa. In za a hau kogi sai a buɗe filafili, in iska ta yi rauni mutane su ja jirgi da igiya daga gaɓa. In za a gangara sai a yi wata dabara. A kan ɗaura wani gado na itace da kara a gaba a sake shi bisa ruwa, a ɗaura dutse mai nauyi a baya a jefa shi ƙasa. Ruwa ya kwashi gadon ya ja jirgi, dutse kuwa yana jan ƙasa yana hana jirgi karkacewa.

Shekaru aru aru masana suna gardama kan wannan bayani, don ba a taɓa ganin jirgi mai irin wannan ƙira ba. Sai a shekara ta 2000 wani Bafaranshe, Franck Goddio, da jama'arsa masu nutso suka gano wani tsohon birni mai tashar jiragen ruwa, Thonis-Heracleion, wanda teku ta haɗiye kusa da Iskandariyya. Cikin laka suka tarar da jirage kimanin 70. Ɗaya daga ciki, wanda suka sa wa lamba 17, tsawonsa wajen ƙafa 90 ne, na bagaruwa ne, katakonsa gajeru a jere kamar tubali, ga kuma ramin abin tuƙi a gindinsa. Da labarin binciken ya bazu a 2019, sai aka tabbata tsohon nan abin da idonsa ya gani ya rubuta.

DAGA RUMAWA ZUWA SAURAN TURAI

Rumawa sun karɓi kalmar daga Yunanawa. Da fari jirgin Masar kaɗai su ke nufi da ita, har da ɗan raini a ciki. Bayan yaƙin ruwa na Actium, shekara 31 kafin haihuwar Annabi Isa, inda aka ci Kilyobatara sarauniyar Masar, wani mawaƙinsu mai suna Propertius ya yi mata ba'a, wai ta so ta kori jiragen yaƙin Rum da jirgin kogi mai tafiya da gora.

A bakin talakawa kuwa kalma ba ta zama yadda ta zo. Yawancin masana harsuna sun tafi a kan cewa "baris" ce ta zama "barica", daga nan aka haɗiye wasalin tsakiya ta koma "barca". A kudancin Fotugal, kusa da garin Tavira, an sami wani dutse mai rubutun Latin na ƙarni na 2 ko na 3, inda wani mai hali ya rubuta cewa ya shirya wa mutanen garinsu wasan dambe da tseren "barca" saboda muƙamin da ya samu. Ka ga ke nan kalmar ta riga ta kai ƙarshen yammacin daular Rum, ta kuma manta da Masar.

Wani babban malami na birnin Ishbiliya ta ƙasar Andalus, Isidore, wanda ya rasu a shekara ta 636, ya rubuta littafi kan asalin kalmomi. A ciki ya bayyana cewa "barca" ƙaramin jirgi ne mai kwasar kaya daga babban jirgi ya kai gaɓa, in kuwa an fita tsakiyar teku sai a ɗauke shi a aza cikin babban saboda raƙuman ruwa. Dattawan da suka yi fataucin goro a Gwanja har suka gangara bakin teku sun san irin wannan aiki, gama a Ankara ta ƙasar Gana haka a ke sauke kaya, manyan jirage su tsaya nesa, ƙanana su yi ta kai da kawowa, har aka buɗe tashar Tema a 1962.

Da daular Rum ta watse, harshen Latin ya rabu ya haifi harsuna, kowane ya tafi da rabonsa na kalmar. Mutanen Italiya suna cewa "barca", na Sifen da Fotugal suna da "barca" da "barco", Faransawa suna da "barque". Har waƙar da masu fito na birnin Benis ke yi suna tuƙi, daga nan aka ciro sunanta, "barcarolle".

'YAN'UWA NA JINI DA MASU KAMA

Akwai kalmomi biyu na wannan zuriya da akawu ya kan gamu da su. Ta fari ita ce "barge", wadda ta riga "bark" shiga Turanci, tun wajen shekara ta 1300. A lokacin jirgin teku ne mai filafili, daga baya sunan ya koma kan jirgin kaya mai shimfiɗaɗɗen gindi wanda a ke ja a kogi. Irinsu ne kamfanoni suka riƙa lodawa da gyaɗa da auduga a Garwa da Yola da damina, a gangara da su Binuwai da Kwara har Burutu. Ta biyu ita ce "embark", watau shiga jirgi, da kishiyarta "disembark", watau sauka. Asalin ma'anar ita ce sa ƙafa cikin "barca". Yau alhaji ya kan ga wannan kalma a takardar filin jirgin sama, inda babu ko ɗigon ruwa. Bature kuma ya kan yi amfani da ita ga fara kowane babban aiki.

Amma fa a yi hattara, kama da wane ba ta wane. Kalmar "embargo", wadda mu ke fassarawa takunkumi, ko da ya ke sau da yawa jirage a ke sa wa, ba ta cikin wannan gida. Daga harshen Sifen ta fito, tushenta kuwa kalma ce mai nufin sandar da a ke gittawa a tare hanya. Haka kuma ranar da muka ba da wannan labari a kwaleji, wani ɗalibi ya yi farat ya ce, "Ashe barka ɗin da mu ke yi wa wanda ya sauka lafiya daga nan ta fito!" Hankali ya so ya karɓa, gama wanda ya ƙetare teku ya cancanci barka. Amma tamu daga Larabci ta ke, 'yar'uwar albarka ce, ba ta da wata dangantaka da jirgin Rumawa. Amon kalma ba ya isa shaida. Sai an bi sawunta cikin rubuce-rubuce, zamani bayan zamani, kamar yadda mai bin sawun ɓatacciyar dabba ke yi.

JIRGIN KWAL NA KYAFTIN COOK

A Ingila, shekara 300 bayan shigowarta, kalmar ba ta da tsayayyiyar ma'ana. Mawaƙa suna kiran kowane jirgi "bark", su kan kuma misalta ran ɗan Adam da shi, yana tafe bisa tekun duniya. Matuƙa kuwa ƙananan jiragen kaya su ke nufi. William Falconer, wanda ya buga ƙamus na kalmomin matuƙa a 1769, ya nuna cewa masu jigilar kwal a arewacin Ingila suna ba da sunan ga jirgi mai faɗin baya wanda ba shi da gunkin ado a goshinsa. Rundunar mayaƙan ruwa ta Ingila ita kuma ta kan liƙa sunan ga jirgin da bai shiga ko ɗaya daga cikin ajin jiragenta ba.

A 1768 gwamnatin Ingila ta so ta aika da masana zuwa tsibirin Tahiti cikin tekun Fasifik, su dubi tauraruwar Zara sa'ad da za ta gitta ta gaban rana, domin a auna nisan rana daga duniya. Aka sayi wani jirgin kwal da aka ƙera a garin Whitby a 1764, aka sake masa suna Endeavour. Da ya ke rundunar tana da wani jirgi mai wannan suna, sai aka rubuta sabon a littafi da laƙabin "Bark" domin a bambanta su. Wannan fa aikin akawu ne, amma shi ya sa har yau sau da yawa in an ambaci jirgin a kan haɗa da laƙabin.

James Cook ya tashi da shi daga Plymouth cikin watan Agusta 1768 da mutum 94. Suka dubi Zara ran 3 ga Yuni 1769, suka kewaye Niyu Zilan suka zana taswirarta, suka bi gaɓar gabashin Ostiraliya, tafiyar da ta buɗe ƙofar mulkin Ingila a can, abin da ya jawo wa mutanen ƙasar na asali hasara mai yawa. Ran 11 ga Yuni 1770 da dare jirgin ya hau duwatsun murjani ya huje. Suka zubar da igwa 6 da kaya masu nauyi cikin teku, suka zura wani filafili ta ƙarƙashin jirgin ya toshe ramin, suka lallaɓa zuwa bakin wani kogi. Nan amfanin jirgin kwal ya bayyana. Da ya ke gindinsa shimfiɗaɗɗe ne, an saba kwantar da irinsa bisa yashi a sauke kaya, sai suka jawo shi gaɓa suka gyara, suka yi kusan mako 7 a wurin. Suka komo Ingila cikin watan Yuli 1771.

MA'ANAR DA MATUƘA SUKA TSAYAR

Abin mamaki, in da matuƙin ƙarni na 19 zai ga Endeavour, da ya ce wannan ba "barque" ba ne. Gama a wannan zamani kalmar ta ƙuntata, ta daina duban girman jirgi ko sifar jikinsa, ta koma kan yadda aka ɗaura masa filafilai.

Ga yadda abin ya ke. Dogon itacen da a ke kafawa a tsaye cikin jirgi, za mu kira shi jigo. Filafilai iri biyu ne. Akwai na gicciye, masu kusurwa 4, waɗanda ke rataye jikin sandunan da aka gitta bisa jigo, suna fuskantar gaba. Waɗannan su ne masu ƙarfi in iska tana bugowa daga baya. Akwai kuma na tsaye, waɗanda ke bin tsawon jirgi daga gaba zuwa baya, su ne ke taimako in iska ta zo ta gefe, suna kuma sauƙaƙa juya jirgi. In jirgi yana da jigo 3 ko fiye, duka da filafilan gicciye, shi ne cikakken jirgi a wurin matuƙa, shi kaɗai su ke kira "ship". In duka na gicciye ne amma jigon baya na tsaye gare shi, shi ne "barque". In jigon gaba kaɗai ke da na gicciye, sauran duka na tsaye, sunansa "barquentine". Saboda haka jirgi ɗaya ya kan sake suna ba tare da an taɓa jikinsa ba. Jirgin Beagle, da aka ƙera a 1820, jigo 2 gare shi. A 1825 aka ƙara masa na uku a baya ya zama "barque", a haka kuma ya ɗauki Charles Darwin ya kewaya duniya daga 1831 zuwa 1836.

Me ya sa masu jirage suka so wannan tsari? Dalilin kuɗi ne. Filafilin gicciye ba ya naɗuwa sai mutane sun hau can sama, sun bi sanda sun jeru, ko da dare ne ana hadiri. Na tsaye kuwa daga ƙasa a ke jan igiyarsa, mutum kaɗan sun isa. Rage filafilan gicciye na jigo guda rage albashi ne da abinci na mutane da dama, gudun jirgi kuwa bai ragu da yawa ba.

Wannan tsimi ya zama tilas bayan 1869, shekarar da aka buɗe mashigin Suwes. Jirage masu inji suka sami gajeriyar hanya zuwa Hindu da Sin, suka ƙwace fasinja da wasiƙu da kaya masu tsada. Aka bar wa masu filafilai kaya masu nauyi marasa gaggawa a hanyoyi masu nisa, irin su alkama daga Ostiraliya, da kwal, da katako, da gishirin taki daga hamadar ƙasar Cile wanda a ke kuma yin albarushi da shi. Sai aka shiga ƙera manyan "barque" na ƙarfe masu jigo 4, waɗanda mutum 30 ko kusa da haka ke iya tafiyar da su da kaya tan 4,000. Sunan da Isidore ya sani ga ɗan jirgin da a ke ɗauka a aza cikin wani, ga shi ya hau kan jirage mafi girma da iska ta taɓa turawa.

ƘARSHEN PAMIR

Labarin ɗaya daga cikinsu ya isa misali. An ƙera Pamir a Hambug ta ƙasar Jamus a 1905, jigo 4, tsawonsa ƙafa 375. Ya yi shekaru yana ɗauko gishirin taki daga Cile. A 1931 wani attajirin Finlan, Gustaf Erikson, ya saye shi ya sa shi jigilar hatsi daga Ostiraliya. Ran 11 ga Yuli 1949 ya kewaya Kef Hon, watau ƙarshen Amurka ta Kudu inda teku ta fi ko'ina hauka, shi ne kuwa jirgin ciniki marar inji na ƙarshe da ya bi ta nan da kaya.

Daga baya Jamusawa suka mai da shi jirgin kaya mai koyar da samari aikin teku. Ran 10 ga Agusta 1957 ya tashi daga Buenos Aires ta ƙasar Ajantina za shi Hambug, da mutum 86, 52 daga ciki ɗalibai ne, da sha'ir tan 3,780. Yawancin sha'irin zuba shi aka yi cikin jirgi haka nan ba cikin buhu ba. Ran 21 ga Satumba guguwa ta same su a tsakiyar tekun Atilantika, wajen mil 600 daga tsibiran Azores. Jirgi ya karkata, hatsi ya gangara gefe guda, ya kasa miƙewa, har ya kife. Jirage da yawa suka yi kwanaki suna nema, mutum 6 kaɗai aka tsamo da rai. Daga wannan hasara ciniki da manyan jirage masu filafilai ya ƙare.

Sunan dai bai mutu ba. Ƙasashe da dama suna riƙe da "barque" domin horon matuƙa, don sun ga babu abin da ke koya wa saurayi halin iska da haɗa kai da 'yan'uwa kamar jan igiya. Jamus tana da Gorch Fock na 1958, Amurka tana da Eagle na 1936, Rasha tana da Sedov na 1921 da Kruzenshtern na 1926.

KALMA TA KOMA GIDA

A 1954 wani Bamisire, Kamal el-Mallakh, yana share yashi a gindin babbar dalar Giza, sai ya tarar da wani dogon rami rufe da manyan duwatsu. A ciki akwai jirgin Fir'auna Khufu, an kwance shi gunduwa 1,224, yawancinsa katakon al'ul na ƙasar Labanan, ya yi shekara wajen 4,500 a kwance. Wani gwani, Alhaji Ahmed Yusuf, ya yi shekaru yana harhaɗa shi har ya tsaya, tsawonsa ƙafa 142. A 2021 aka ɗauke shi zuwa sabon babban gidan kayan tarihi na Masar. Da Turawa masana suka tashi kiran wannan jirgi da irinsa na sarakunan Masar, kalmar da suka ɗauko ita ce "barque", ko da ya ke ba shi da jigo ko filafili, da matuƙai a ke tuƙa shi. Ta haka kalmar da ta bar bakin Nilu tana nufin jirgin talaka mai ɗaukar kaya ta komo tana nufin jirgin sarki.

ABIN DA YA SHAFE MU

Kada wani ya ga kamar wannan halin harsunan Turawa ne kaɗai. Mu dubi tamu kalmar, jirgi. Kakanninmu abin fito su ke nufi da ita, da kuma komin itace da a ke shayar da dabbobi a bakin rijiya. Da hanyar dogo ta iso Kano a 1911, ba a ƙago sabon suna ba, aka ce jirgin ƙasa. Da waɗansu 3 suka sauko daga sama a Kano a 1925, aka ce jirgin sama. Yau in mutum ya ce zai hau jirgi, sai ka tambaye shi wanne, har asalin mai sunan ya zama sai an ƙara masa "ruwa" kafin a gane shi. Baƙon da ya buɗe ƙamus ya ɗauki ma'anar farko, zai fassara cewa alhazai sun tafi Makka cikin komin shanu. Kuskurensa da na ɗalibinmu ɗaya ne.

Saboda haka muna roƙon malamai abu uku. Na ɗaya, in ka buɗe ƙamus ka karanta bayanin kalma har ƙarshe, ka duba kuma ko an sake rubuta ta a ƙasa da wata lamba, gama wannan alama ce ta kalmomi daban masu rubutu ɗaya. Na biyu, ka tambayi kanka zamanin da aka rubuta abin da ka ke karantawa, da irin mutumin da ya rubuta, don "bark" na mawaƙi daban, na akawun 1768 daban, na matuƙin 1900 daban. Na uku, shi ne mafi nauyi, in yaro ya yi maka tambayar da ta fi ƙarfinka, ka ce masa za ka bincika ka zo masa da amsa gobe. Akawun da ya yi kuskuren fassara, takarda ɗaya ya ɓata, ana iya sake bugawa. Malamin da ya rufe rashin sani da ƙage kuwa, ya shuka shi cikin kai 40, waɗansunsu kuma malamai za su zama.

Ɗalibin nan namu, da muka kawo masa abin da muka samo, ya koma ajinsa ya ce wa yara su buɗe littattafansu su soke abin da ya sa su rubuta. Ya kira yaron da ya yi tambaya ya tsai da shi gaban aji, ya ce shi ne ya yi gaskiya, ɓawo ba ya ɗaukar mutum 40. Sa'an nan ya zana musu jirgi mai jigo 3 a allo, ya nuna musu wanne ne filafilin gicciye, wanne ne na tsaye. A rahoton da muka rubuta a kansa, wannan darasi na biyu shi muka ba maki mafi yawa.

Allah ya ƙara mana sani mai amfani, amin.